Wata a Cikin Tawada

Lurwanu bai taɓa kwana da ciwo ba.
Shekara tara, ƙafa kamar ta barewa,
shi ke rigan kowa isa fadama,
shi ke korar jan-baki daga shinkafa
da gwangwani biyu da maƙogwaro ɗaya.

Sai ya ce, Baba, kaina.
Na ce rana ce, sha ruwa.
Mako ya zagayo, ya ce, Baba, kaina.
Mai kemis na bakin tashar Bunza
ya ƙirgo mana ƙwayoyin zazzaɓi a takarda.
Aka shanye su, ciwon bai san an sha ba.

Ba irin sanƙarau ɗin da muka sani ba ne,
mai faɗowa da zafin bazara
ya kwashi yaro kafin la'asar.
Wannan mai haƙuri ne,
aikin gara yake yi a cikin azara.
Yau amai da asuba,
gobe yaro ya dube ni ya ce mu biyu ne,
jibi ya runtse ido don hasken ƙofa,
ya kira uwarsa da sunan ƙanwarta.

Goggo Dubu ta turara masa sassaƙe,
aka yi tofi, aka sha rubutu.
Ranar da wuya ya ƙi lanƙwasuwa
na ranto kuɗin mota, muka bi ta Kalgo,
kansa a cinyata.
Duk ramin da taya ta faɗa
a ƙirjina yake tsayawa.

A Birnin Kebbi suka naɗe shi kamar ɗan tayi,
allura ta ratsa tsakanin ƙasusuwan baya.
Ruwa ya ɗigo garai-garai,
ka rantse raɓa ce.
Na ce a raina, ina cuta a nan?

Likita Asabe ta kira ni gefe.
Ta ce baƙar tawada suka ɗiga a ruwan,
ta miƙo mini hoton a wayarta:
dare baƙi ƙirin
cike da ƙananan watanni, kowanne da zobensa.
Ta ce, fumfuna ce.

Fumfuna?
Wadda ke hawa tuwon da ya kwana biyu,
mu kankare mu watsa wa kaji?
Ta ce, danginta ce. Iska ke ɗauko ta,
huhu ya karɓa, jini ya kai ta sama.
Sun gwada shi kan cutar da ake raɗa sunanta,
babu. Ba tamowa, ba sikari.
Lafiyayye ne, in ji ta, kuma ga shi ta kama shi.
Sannan ta tambaya ko muna kiwon tattabaru.

Arba'in da biyu.
Shi ke share ɗakinsu kowace Juma'a,
ya tara kashin a buhu saboda albasata.
Ta ce, kada ka ɗora wa kanka, ba mu da tabbas.
Na ce to.
Amma na riga na ɗauka.

Maganin rawaya ne kamar garin ɗorawa,
yana ɗiga, yaro na kakkarwa har gado ya amsa.
Ya sha buhun shinkafa tara,
ya sha injin ban-ruwa,
ya sha keken da na yi masa alkawari da kaka.
Sau biyar allura ta koma bayan nan
don a rage wa kai nauyi.
Na aika gida a kwashe tattabarun,
a kai su kasuwar Kamba, ko nawa ne a karɓa.

Mun dawo da ƙwayoyin sha na watanni
da idon dama mai gani.
Na hagu yana nan a buɗe, amma bai biyo mu ba.

Washegari da sassafe na ji guɗa a kan katanga.
Uku sun dawo,
ɗaya da guntun zare a ƙafa.
Na sunkuya na ɗauki hoge.
Daga ɗaki sai muryar da ta rame:
Baba, Mai Sarƙa ce wannan,
na san kukanta.

Na tsaya a tsakar gida
da hoge a hannu
har rana ta hau kan rumbu.